Fulogin Granula: Wanne Za Ka Ɗauka, Kuma Yaya Za Ka Yi Masa Renda?

Wani dare cikin zafin Afrilu ina haɗa waƙar biki da za a zo karɓa da safe. Na ɗauki jan goge guda ɗaya, bai fi daƙiƙa uku ba, na zuba shi a wani fulogin granula (fulogin ƙaramar manhaja ce da ake jonawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa), na yi ta murɗe-murɗe har wani amo mai faɗi ya fito yana lilo a bayan muryar mawaƙin kamar hazo. Na yi renda, wato na fitar da waƙar ta zama fayil ɗin sauti, na tura wa abokin ango, na kwanta. Da asuba da na sa a kunne, sai na ji ba abin da na bari ba ke nan. Daidai inda ake kiran sunan amarya wata ƙara mai tsini ta haye kan muryar, a ƙarshe kuma jelar amon ta guntule kamar an ɗauke wuta. Na sake renda har sau uku, kowace da irin tata kamar. Ba a fafe gora ranar tafiya, dole na cire gogen gaba ɗaya na miƙa waƙar a haka.

Laifin ba na fulogin ba ne, rashin sanina ne. Tun daga ranar na daina raba tambayar "wanne zan saya" da tambayar "yaya zan kama sautinsa ya tsaya wuri ɗaya". In kana tsaka mai wuya tsakanin biyu ko uku daga cikin waɗannan kayan aiki, ka auna tambayoyin nan biyu a sikeli ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikinsa

Granula sussuka ce. Fulogin yakan ɗauki sauti ya farfasa shi ya zama tsaba, kowace ƙwara yawanci ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, sannan ya riƙa watsa su a kan juna, wata ya ɗaga mata murya, wata ya juya ta baya, wata ya jefa ta hagu. Dennis Gabor ne ya kawo tunanin a 1947. Iannis Xenakis ya gwada shi a ƙarshen shekarun 1950 ta hanyar yanka tef yana liƙawa da hannu, Curtis Roads ya shigar da shi kwamfuta a 1974, kuma sai a 1986 Barry Truax ya samu ya yi shi kai tsaye, ana taɓawa ana ji, a Kanada. Abin da ya ɗauki masana kusan shekara 40 shi ne kake so tsohuwar laftof ɗinka ta yi ba tare da nishi ba.

Ga lissafin nauyin. In ka sa fulogin ya riƙa fitar da ƙwara 100 a kowace daƙiƙa, ka kuma ja tsawon kowace ƙwara ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, to a kowane lokaci ƙwara 20 ne ke ƙara tare. Ka danna maɓalli huɗu a kibod, sun zama 80. Kowace tana da lissafinta a firosesa. Shi ya sa sauti ke fara ƙaraf-ƙaraf da zarar ka shiga amshi.

Abu na biyu shi ne ƙuri'a. Daɗin granula yana zuwa ne daga barin fulogin ya zaɓi wurin da zai ɗebo kowace ƙwara da ka. Duk lokacin da ka danna a kunna, sabuwar ƙuri'a yake jefawa, renda ma haka. In kana son gani da idonka, yi renda sau biyu, ka jera su a layi biyu, ka juya fuskar igiyar ɗaya. Da iri ɗaya ne da shiru za ka ji. Abin da ya saura yana ƙara, shi ne bambancin.

Ma'aunai biyar

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin fulogin kaɗai ba, har da na manhajar da dole sai da ita zai yi aiki. Na biyu ƙarko: in ka buɗe wannan aikin bayan shekara uku, a wata kwamfutar, zai buɗe? Na uku sauƙin koyo. Na huɗu nauyi a kan firosesa. Na biyar, wanda ba a rubuta shi a talla, amana wajen renda: yaya kusancin abin da ka ji da abin da ya fito?

A ma'auni na biyar akwai rabe-rabe guda da ya kamata ka riƙe. Wasu kayan kiɗa ne, ka loda musu fayil su riƙa ɗiba daga gare shi. Wasu kuma a kan layin miksa ake ɗora su, suna kama duk abin da ya ratsa ta cikinsu a wani ɗan rumbu na 'yan daƙiƙu, daga nan suke ɗiba. Na biyun sun fi rikici, domin abin da suke fitarwa ya dogara da abin da ya shiga rumbun kafin wannan lokacin. Ka fara kunnawa daga tsakiyar waƙa, amo daban. Ka fara daga farko, amo daban.

Fruity Granulizer

Da shi zan fara don FL Studio ce ta fi yawa a situdiyoyinmu, kuma mutane da dama ba su ma san yana ciki ba. Ba ka ƙara ko kwabo, tare da manhajar yake zuwa, ita kuma Image-Line tana ba wanda ya saya sabuntawa kyauta har abada. Wajen ƙarko ke nan ba shi da na biyu a wannan jerin. Tsoho ne, fuskarsa ma ta nuna, amma maɓallansa kaɗan ne: tashin ƙwara, tsawon riƙe ta, tazarar da ke tsakanin ƙwara da ƙwara, tazarar tafiya a cikin fayil, sai watsawa hagu da dama da na ƙuri'a. Cikin yini ɗaya za ka gane shi. Ba shi da nauyi, kuma in ka bar maɓallin RAND a ƙasa, renda takan fito kusa ƙwarai da abin da ka ji.

Inda ya gaza: ba ya karɓar sauti kai tsaye daga makirfo ko layin miksa, kuma wannan hazo mai kauri da ake ji a kiɗan fina-finan waje ba ya fitowa daga gare shi shi kaɗai, sai ka bi shi da riba (reverb, wato amsa-kuwwa) mai tsawo. Amma wajen tsinka kalangu ko murya su riƙa in'ina bisa kiɗa, ya wadatar. Lura ɗaya: FL ɗin matakin farko, wato Fruity Edition, ba ta ɗaukar sauti, saboda haka hanyar renda da zan fi yabawa a ƙasa tana buƙatar Producer Edition zuwa sama.

Granulator na Ableton Live

Robert Henke, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Live tun asali, shi ya gina shi. Granulator II kyauta ne, Granulator III kuma ya zo da Live 12 Suite a 2024, da salo uku: Classic, Loop da Cloud. Kalmar "kyauta" a nan tana da ƙugiya, don a kan Max for Live, wani ƙarin tsari na Live, yake tafiya, shi kuwa a cikin Suite yake, wadda kuɗinta ya haura dala 700, ko kuma ka saye shi daban. In kana da Suite, magana ta ƙare, kada ka sayi komai sai ka ƙure wannan. In ba ka da ita, sauya manhaja dungurungum saboda fulogin ɗaya ba dabara ba ce.

Sautinsa yana da laushi, musamman a dogon amo. Ya fi Granulizer nauyi, kuma yakan ɗan ja lokaci kafin ya buɗe. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne gidan da yake zaune: a Live, ka buɗe sabon layi ka sa mashigarsa a Resampling, ko ka nuna masa layin Granulator kai tsaye, ka danna ɗauka, shi ke nan. Ba manhajar da ta kai ta sauƙaƙa wannan.

Alchemy da Padshop

Waɗannan biyun na haɗa su don hukuncinsu ɗaya ne: in kana gidansu, naka ne. Alchemy yana cikin Logic Pro, wadda ake sayarwa kusan dala 200, kuma sai a kayan Apple. Babban injin haɗa sauti ne, granula ɗaya ce kawai daga hanyoyinsa, don haka koyonsa yana son haƙuri. Padshop na Steinberg yana zuwa cikin manyan matakan Cubase, ana kuma sayar da shi daban a yi amfani da shi a wata manhajar. Kamar yadda sunansa ya nuna, shimfiɗar amo ce sana'arsa, kuma ya fi Alchemy saurin shiga kai.

Tarihin Alchemy darasi ne a kan ƙarko. Asalinsa na kamfanin Camel Audio ne, ana amfani da shi a Windows da Mac. A 2015 Apple ta saye kamfanin, Alchemy ya koma cikin Logic, masu Windows kuma aka bar su da tsohon da ba a ƙara taɓawa ba. Wanda ya ajiye ayyukansa da fulogin a raye ba tare da ya yi musu renda ba, ranar da tsohon ya daina buɗewa ya rasa sautin. Irin wannan ta sake faruwa lokacin da Live 10 ta daina karɓar fulogin masu bit 32 a 2018, kuma a 2022 Steinberg ta sanar da janye hannu daga tsohon tsarin fulogin na VST2.

Portal da Efx Fragments

Nan ne yawancin masu tambayata suke maƙale, don su ne ake gani a bidiyoyin YouTube. Dukansu na ɗorawa a layin miksa ne, kuma suna aiki a kusan kowace manhaja.

Portal na kamfanin Output ya fito a 2019, kuɗinsa na asali dala 149. Ƙarfinsa shi ne saurin ba da sakamako: ka zaɓi ɗaya daga shiryayyun saituna sama da 250, ka ja ɗigon da ke tsakiyar da'irar, murya ko fiyano su rikiɗe nan take. Yana iya ɗaure tsabar ga saurin kiɗa, ya kuma tsare ta cikin sikelin waƙar, abin da ke rage irin ƙara mai tsinin da kan faɗo ba a gayyace ta ba. Aibinsa shi ne saitunan nasa sun yi suna, mai kunne yana ji zai gane.

Efx Fragments na Arturia, kamfanin Faransa, ya fito a 2022 da salo uku: Classic, Texture da Rhythmic. Ya fi ba ka damar shiga ciki ka tsara abin da kake so, salon Rhythmic kuma ya dace da mu masu kiɗan da ganga ke ja. Kuɗinsa bai yi nisa da na Portal ba, kuma kamfanonin biyu sukan yi rangwame mai tsoka, musamman a ƙarshen Nuwamba. In ba gaggawa kake ba, jira.

A wajen nauyi duka biyun sun fi Granulizer ci, guda uku ko huɗu a aiki ɗaya sun isa su durƙusar da laftof mai matsakaicin ƙarfi. A wajen amanar renda kuwa su ne a ƙasa, ba don an gina su da sakaci ba, sai don rumbun nan da na ambata. Kuma dukansu suna buƙatar rajista da asusun kamfani, abin da za ka tuna da shi ranar da ka canza kwamfuta.

Kada mu yi wa juna ƙarya, na san da yawa fasasshe ake sa musu a kasuwa tare da Windows. Ban da haƙƙin masu shi, fasasshen fulogin shi ne wanda in ya rufe maka manhaja ana tsakiyar renda ba ka da wanda za ka kai wa kuka, ba ka kuma san me aka cusa a cikinsa ba. Gara Granulizer na halal.

| Fulogin | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin koyo | Nauyi | Amanar renda |
|---|---|---|---|---|---|
| Fruity Granulizer | Yana cikin FL Studio | Sosai | Sosai | Kaɗan | Mai kyau |
| Granulator II da III | Sai da Max for Live | Mai kyau, a Live kawai | Matsakaici | Matsakaici | Daidai gwargwado |
| Alchemy | Yana cikin Logic Pro | Mai kyau, a Apple kawai | Da wuya | Matsakaici zuwa sama | Daidai gwargwado |
| Padshop | Cikin Cubase ko a saya daban | Mai kyau | Matsakaici | Matsakaici | Daidai gwargwado |
| Portal | Dala 149 | Ya dogara da kamfani | Sosai | Da yawa | Sai da kula |
| Efx Fragments | Kusa da na Portal | Ya dogara da kamfani | Matsakaici | Da yawa | Sai da kula |

Hanyoyin renda uku

Ta farko daskarewa, wato Freeze a Live, Logic, Cubase da Reaper. Manhaja takan yi renda ta wucin gadi ta kashe fulogin, firosesa ta huta, in ka so ka narkar ka ci gaba da gyara. Tana da kyau muddin kana cikin aiki. Haɗarinta: ranar da ka narkar, wancan amon da ka ƙaunata ya tafi, sabuwar ƙuri'a za a jefa. In daskararren ya yi maka, mayar da shi fayil na dindindin nan take.

Ta biyu renda ta gaggawa, wadda kwamfuta ke yi da iya gudunta ba tare da ka ji ba: Bounce in Place a Logic, Render in Place a Cubase, Consolidate a FL, da fitar da waƙa gaba ɗaya. Ba ta ƙaraf-ƙaraf ko da kwamfutar ba ta da ƙarfi, don ba ta tsere da agogo. Wannan babbar fa'ida ce. Amma makauniya ce, sai an gama za ka san abin da ƙuri'a ta ba ka. Ga kuma wasu fulogin da kan sauya zuwa inganci mafi girma in sun gane renda ake yi, sautin ya ɗan canza launi.

Ta uku ɗauka kai tsaye: waƙa tana tafiya, kana ji, wani layi yana naɗe abin da fulogin ke fitarwa. A FL ka ɗora Edison, kayanta na naɗar sauti, a bayan fulogin a kan layin miksa ɗaya. A Live, Resampling. Logic da Cubase suna da zaɓin fitarwa da ainihin gudun waƙa, Reaper kuma tana kiransa Online Render. Ita ce kaɗai hanyar da abin da ka ji shi ne abin da ka samu. Tana cin lokaci, kuma in firosesa ta yi tuntuɓe, tuntuɓen yana iya shiga cikin fayil. Duk da haka ita nake bi, kuma ina yi mata kallon ɗaukar mai goge a situdiyo: in ɗauka sau uku ko huɗu, in zauna in tsinci inda ya fi daɗi a kowanne in haɗa. Sau da yawa ɗauka ta biyu takan kawo wani juyi da ko kwana zan yi ban iya tsara shi da hannu ba.

Kafin ka ɗauka, ka ɗaga bafa, wato girman guntun sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda. A saitin samfur 44,100 a daƙiƙa, bafa 128 jinkirinta bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, tana da amfani in mawaƙi na gaban makirfo, amma tana shaƙe firosesa. Bafa 1024 kusan kashi 23 ce, kuma ba ruwanka da jinkiri tunda ba wanda ke rerawa. Ka kashe sauran layukan da ba ka buƙata. Ka tabbata laftof tana jone da wuta, don yawancinsu sukan rage gudu a kan batir, haka ma in sun yi zafi. A bazara ɗaga ta daga kan katifa ko kafet kaɗai yana kawo bambanci.

Sai abubuwa uku da suka cinye ni a daren nan. Jela: a tagar fitarwa ta FL ka sa Tail a Leave remainder, a Logic ka kunna Include Audio Tail, ko kuma ka ja iyakar renda ta wuce ƙarshen waƙa da 'yan daƙiƙu. Rumbu: in fulogin na layin miksa ne, fara ɗauka bara (bar, ma'aunin bugun kiɗa) biyu ko huɗu kafin inda kake so, rumbun ya cika tukuna. Na uku na masu FL ne: Smart disable yakan kashe fulogin da ya ga kamar ya yi shiru, don haka cire shi a kan granula, in kuma fulogin yana ƙara ko yana kauce wa kiɗa a renda, gwada kunna Use fixed size buffers a saitunan fulogin, don FL takan aika bafa mai canza girma, wasu kuma ba sa jure hakan.

Ka ajiye fayil ɗin a WAV mai bit 24 ko 32, ba MP3 ba. Minti ɗaya na sitiriyo a 44,100 kusan megabait 16 ne a bit 24, kusan 21 a bit 32, ba abin da zai cika maka diski. Na 32, in float ne, yana da fa'idar cewa in tsaba ta taru ta haura ja, kana iya rage ta daga baya ba tare da ta fashe ba. Bayan haka ka saurare shi a mono. Granula tana son watsa ƙwayoyi hagu da dama, masu sauraronmu kuwa da yawa a lasifikar waya ko ƙaramar sifika ta Bluetooth suke ji, inda faɗin nan kan tsuke amon ya sirance. Fulogin na asali kuma kada ka goge shi, kashe shi ka ɓoye layin, ko wata rana mai waƙa ya dawo ya ce a canza masa kii.

Wa ya dace da wanne

In FL kake amfani da ita a kan laftof ta hannu, kuma waƙoƙin biki da na talla ne ke kawo maka abinci, zauna a kan Granulizer da Edison. Kuɗin fulogin ka ƙara su a kan RAM ko katin sauti.

In kana da Live Suite, Logic ko babbar Cubase, abin da kake nema yana cikin gidanka. Daskare yayin aiki, ka mayar da shi fayil kafin miksin.

In aikinka na sauri ne, mawaƙi na zaune a bayanka yana jiran ya ji abin mamaki a muryarsa, kuma kwamfutarka tana da ƙarfi, Portal ne, amma da sharaɗin ɗauka kai tsaye kowane lokaci.

In kai mai son tsara sautinka ne da kanka, kana tsinka kalangu da kuntigi su bi kiɗa, Efx Fragments ya fi dacewa, ka jira rangwame.

In kiɗan fim kake yi, inda darakta zai iya dawowa bayan wata shida ya ce a tsawaita wani fage, ɗauki kayan kiɗa mai loda fayil, Padshop ko Alchemy ko Granulator, ka naɗi amon da ya fi fagen tsawo da aƙalla minti ɗaya, ka ajiye shi a babban fayil ɗin aikin tare da ɗan guntun sautin da ka fara da shi.